Tarihin Shiga Jami'a Ta Hanyar Kwaleji: Daga Zariya da Kano Zuwa Njamena

Gabatarwa

A Nijeriya ta yau, ɗalibi yakan shiga jami'a ta ɗaya daga cikin hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ya kammala sakandare, ya rubuta jarrabawar hukumar JAMB, a ɗauke shi aji ɗaya. Ta biyu kuwa ita ce ya fara ratsawa ta wata kwaleji, ya samu takardar shaidar malanta ta ƙasa, wato NCE, ko difiloma, ko sakamakon jarrabawar IJMB, sannan a ɗauke shi kai tsaye zuwa aji biyu. Wannan hanya ta biyu ta raini ɗimbin malamai da alƙalai da ma'aikatan gwamnati na Arewa, kuma ta cikinta ne masana harshen Hausa da dama suka isa jami'a. Wannan maƙala ta bibiyi asalin hanyar a Zariya da Kano, ta duba makamanciyarta a birnin Njamena na ƙasar Chadi da kuma Amurka. Abin da tarihin ya nuna shi ne, hanyar ta fi amfanar ɗalibai a lokacin da jami'a ta ɗauki nauyin shirya su tun kafin su iso gare ta, kuma ta raunana ne sa'ad da aka taƙaita al'amarin ga duba takardar shaida a ofishin rajista.

Giɓin da Aka Gada

Matsalar ta samo asali ne daga zamanin mulkin mallaka. An buɗe Kwalejin Katsina a shekarar 1922 domin horar da malaman makaranta. An mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Ta yaye fitattun mutane irin su Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma ba a kafa ta da nufin tura ɗalibai jami'a ba. Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 ƙarƙashin kulawar Jami'ar Landan, 'yan Arewa ƙalilan ne suka cika sharuɗɗan shigarta.

Dalilin haka a fili yake. Tsarin Ingila da aka ɗora ilimin ƙasar a kansa ya tanadi cewa bayan shekara biyar na sakandare sai ɗalibi ya ƙara shekara biyu a aji shida, ya ci jarrabawar babbar shaidar sakandare, kafin ya yi digiri na shekara uku. Makarantun da ke da aji shida a Arewa ba su taka kara sun karya ba; kwalejojin gwamnati na Zariya da Keffi suna cikin 'yan kaɗan da suka samu. Yaro mai hazaƙa da ya gama wata makarantar lardi ko kwalejin horon malamai sai ya tarar babu matakalar da za ta kai shi jami'a, komai ƙoƙarinsa.

Gadojin Farko a Zariya da Kano

Yunƙurin farko na cike wannan giɓi ya zo ne da buɗe reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya a 1952, wadda ke da wasu rassan a Ibadan da Inugu. Baya ga kwasa-kwasan sana'a irin su aikin injiniya da zanen gine-gine, kwalejin tana shirya ɗalibai domin babbar jarrabawar shiga jami'a. A unguwar Kongo kuma akwai Cibiyar Koyar da Sha'anin Mulki, wadda ta faro a matsayin makarantar horar da akawu, ta zama wurin da ma'aikatan En'e da na gwamnati ke ƙaro ilimi.

A Kano, hanyar ta biyo ta ɓangaren Larabci. An kafa Makarantar Shari'a a 1934, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, da taimakon malamai daga Sudan. A 1947 aka faɗaɗa ta, ta koma Makarantar Nazarin Larabci. A cikin harabarta ne aka buɗe Kwalejin Ahmadu Bello a 1960, wadda aka sauya wa suna zuwa Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962. Wannan ya buɗe ƙofa ga wani rukuni na ɗalibai da tsarin boko ya yi watsi da su: waɗanda suka ƙware a Larabci da fiƙihu amma Turancinsu bai kai na 'yan sakandare ba. Kwas ɗin share fage da difilomar Larabci da Hausa da Nazarin Addinin Musulunci da kwalejin ta riƙa gudanarwa daga baya su suka zame musu tsani zuwa digiri.

A 1959 gwamnatin tarayya ta naɗa kwamiti ƙarƙashin jagorancin Sa Eric Ashby domin nazarin buƙatun ƙasar ta fuskar ilimi mai zurfi, kuma Shettima Kashim Ibrahim yana cikin 'yan kwamitin. Rahoton da aka miƙa a 1960 ya ba da shawarar kafa jami'a a Arewa da yawaita azuzuwan aji shida da samar da wani sabon mataki na horon malamai. Daga nan aka samu manyan kwalejojin horon malamai masu ba da shaidar NCE. Ta Zariya ta fara aiki a 1962, ta Kano ta biyo baya bayan 'yan shekaru.

Makarantar Share Fage ta Jami'ar Ahmadu Bello

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426, ƙarƙashin shugabancin Dakta Norman Alexander, ɗan ƙasar New Zealand. Jami'ar ta tsaya kan sharaɗin babbar shaidar sakandare, don haka a shekarunta na farko kaso mai yawa na ɗalibanta daga Kudu suka fito. Wannan ya sha bamban da Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 bisa salon Amurka, take ɗaukar ɗalibai da shaidar sakandare zalla su yi digiri na shekara huɗu.

Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci jami'ar daga 1966 zuwa 1975, shi ya fuskanci lamarin gadan-gadan. A ƙarshen shekarun 1960 aka kafa Makarantar Share Fage a cikin harabar Samaru. Manufarta ita ce ɗauko waɗanda suka gama sakandare da sakamako mai kyau a ba su karatun da ya yi daidai da na aji shida, sannan su wuce sashen da suka dace da shi. Wasu sun soki shirin da farko bisa tsoron kada darajar digirin jami'ar ta zube. Sai dai cikin 'yan shekaru yawan ɗaliban Arewa a jami'ar ya ƙaru ƙwarai, kuma daga cikin waɗanda suka bi ta makarantar aka samu likitoci da lauyoyi da malaman jami'ar kanta.

Abin lura shi ne inda aka ajiye makarantar da kuma wanda ke tafiyar da ita. Ɗalibin share fage yana kwana a harabar jami'a, yana shiga ɗakin karatunta, yana cuɗanya da 'yan digiri. Manhajar da ake koya masa jami'ar ce ta tsara ta daidai da abin da zai tarar a gaba. Kafin ya shiga shekarar farko ta digiri ya riga ya san yadda ake ɗaukar bayani a lakca da yadda ake neman littafi da inda ofishin kowane sashe yake. Hausawa kan ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wannan makaranta ta yi aiki da hikimar maganar.

Irin wannan alaƙa ta kasance tsakanin jami'ar da kwalejojin horon malamai. Cibiyar Ilimi ta jami'ar ita ke duba manhaja da jarrabawar NCE a kwalejojin Arewa, kuma manyan kwalejojin Zariya da Kano sun daɗe a ƙarƙashin jami'ar kafin gwamnatin tarayya ta karɓe su. Saboda haka mai NCE da ya zo neman digiri ba baƙo ba ne. Jami'ar ta san abin da ya karanta domin da hannunta a cikin shirya shi. Ta wannan hanya malamin firamare mai shaidar malanta mai daraja ta biyu yakan hau zuwa NCE, daga nan ya yi digiri a fannin Hausa ko tarihi ko lissafi.

Kwalejojin Jihohi da Haihuwar IJMB

Bayan ƙirƙiro jihohi goma sha biyu a 1967, jihohin Arewa shida suka shiga kafa nasu kwalejojin share fage. An samu irinsu a Kano da Zariya da Sakkwato, an kuma samu Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Arewa Maso Gabas a Maiduguri, wadda a harabarta aka kafa Jami'ar Maiduguri a 1975. A wannan shekarar ce aka kafa Jami'ar Sakkwato, kuma Kwalejin Abdullahi Bayero ta samu matsayin kwalejin jami'a, kafin ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero a 1977.

Yawaitar kwalejojin ya haifar da tambaya: da wane ma'auni za a auna ɗalibansu? Amsar ita ce jarrabawar IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta fara gudanarwa a 1976. Ɗalibi yakan karanta darussa uku masu alaƙa da fannin da yake so, ya rubuta jarrabawa guda da jami'ar ke kula da ita, ko a wace kwaleji yake. Sunan jarrabawar ya nuna ta wucin gadi ce, amma ga shi ta shafe shekaru masu yawa tana gudana. A 1978 aka kafa hukumar JAMB domin daidaita ɗaukar ɗalibai a dukkan jami'o'in ƙasar, ita ma ta amince da hanyoyin biyu: ta jarrabawa da ta shiga kai tsaye.

Sauyin Tsari da Sassautawar Alaƙa

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta kawo tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiwatarwa a 1982. Rukunin farko sun rubuta jarrabawar kammala babbar sakandare a 1988. Da wannan aka kawar da aji shida daga makarantun gwamnati, digiri ya koma shekara huɗu, kuma aji ɗaya na jami'a ya gaje aikin da makarantun share fage ke yi. A ɓangaren kwalejoji ma an samu sabbin masu kula: Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ta ɗauki kwalejojin kimiyya da fasaha, sannan Hukumar Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa ta 1989 ta karɓi lamarin NCE.

Wannan ya daidaita darajar takardu a faɗin ƙasa, kuma ci gaba ne. Amma ya raba kwaleji da jami'ar da ɗalibanta za su shiga. Manhajar kwaleji tana hannun hukuma guda, ta jami'a tana hannun wata. Mai shiga kai tsaye ya koma tsiraru a cikin aji, ya tarar da abokan karatunsa sun riga sun shekara tare.

Matsalolin da yake fuskanta sanannu ne ga duk wanda ya zauna a jami'o'in Arewa. Sau da yawa sunayen masu shiga kai tsaye kan fito a makare, ɗalibi ya gama rajista an riga an yi nisa da lakca, ɗakunan kwana sun cika. Bikin wayar da kan sababbin ɗalibai galibi an tsara shi ne domin 'yan aji ɗaya. Akan buƙaci ya ɗauki wasu darussan bai-ɗaya na aji ɗaya a kan na aji biyu, lokutan lakcocin su riƙa cin karo. Malamin aji biyu yakan gina darasinsa a kan abin da aka koyar bara, alhali ɗan kwaleji wata manhaja ya bi. Kuma tun daga wannan zango na farko ake fara lissafa makin da zai yanke darajar digirinsa, don haka tuntuɓen farko yakan bi shi har ranar yaye. Da yawa cikinsu magidanta ne ko matan aure ko malaman makaranta da suka ɗauki hutun ƙaro ilimi, ga nauyin iyali ga na karatu.

Wata illar kuma ta biyo baya. Da takarda ta zama ita ce komai, sai cibiyoyin bogi suka yawaita, aka shiga sayar da sakamakon jabu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 'yan shekarun nan hukumar JAMB, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, ta tsaurara tantance takardun masu shiga kai tsaye. Matakin ya zama dole, amma ya ƙara wa ɗalibin kirki zirga-zirga da jinkiri.

Yadda Abin Yake a Njamena

Matafiyin da ya tashi daga Maiduguri ya bi ta Gamboru ya ratsa Kusuri ta ƙasar Kamaru zai isa Njamena, birnin da Hausawa suka daɗe suna zaune suna fatauci a cikinsa. Chadi ta gaji tsarin Faransa, don haka giɓin da ake buƙatar cikewa a can ya sha bamban. An kafa Jami'ar Chadi a 1971, a zamanin Shugaba Tombalbaye, lokacin birnin yana amsa sunan Fort-Lamy. An sauya sunan birnin a 1973, jami'ar kuma ta koma Jami'ar Njamena a 1994. Yaƙin basasar da ya ci birnin a 1979 da 1980 ya dakatar da karatu, ya tarwatsa malamai da ɗalibai.

A tsarin Faransa, jarrabawar bakaloriya da ake rubutawa a ƙarshen sakandare ita ce mabuɗin jami'a, saboda haka ba a buƙaci makarantar share fage irin ta Samaru ba. Giɓin Chadi na farko na harshe ne. Faransanci da Larabci su ne harsunan hukuma, kuma ɗaliban da suka yi karatu da Larabci sun daɗe suna tafiya Sudan da Masar da Libiya da Saudiyya neman digiri. Buɗe Jami'ar Sarki Faisal a Njamena a farkon shekarun 1990, mai koyarwa da Larabci, ya samar musu mafita a gida. Aikin da ta yi wa waɗannan ɗalibai ya yi kama da wanda Kwalejin Abdullahi Bayero ta yi wa 'yan Makarantar Nazarin Larabci a Kano.

Giɓi na biyu ya fi kusa da batun wannan maƙala. Cibiyoyin koyar da sana'a na gaba da sakandare sukan ba da shaidar BTS bayan shekara biyu, kuma mai ita yakan so ya wuce shekara ta uku ta digirin farko. A 2005 shugabannin ƙungiyar CEMAC ta ƙasashen Afirka ta Tsakiya, wadda Chadi ke ciki, suka amince a birnin Librebil da tsarin LMD. A ƙarƙashinsa digirin farko zango shida ne, kowane zango yana da awon karatu 30, jimilla 180, kuma manufar ita ce ɗalibi ya iya ɗaukar abin da ya tara daga wata makaranta zuwa wata. A takarda wannan ya fi tsarin Nijeriya sauƙi, domin ana ƙidaya abin da ɗalibi ya karanta darasi-darasi. A aikace kuwa, amincewa da awon tana hannun jami'ar da za ta karɓe shi, kuma sai ta yarda da ingancin cibiyar da ya fito. Tambayar da Zariya ta amsa da IJMB a 1976 ita ce dai ke gaban Njamena: wa zai tsaya wa karatun kwaleji a gaban jami'a?

Darasi Daga Amurka

Ƙasar da ta fi daɗewa da wannan tsari ita ce Amurka. An buɗe kwalejin Joliet ta shekara biyu a jihar Illinois a 1901, da goyon bayan William Rainey Harper, shugaban Jami'ar Chicago. Rahoton kwamitin Shugaba Truman na 1947 ya yaɗa sunan kwalejin al'umma, sannan tsarin ilimi mai zurfi na jihar Kalifoniya na 1960 ya ware wa masu fitowa daga irin waɗannan kwalejoji gurabe a jami'o'in jihar. Duk da haka, a 1965 wani manazarci mai suna John Hills ya bayyana cewa makin ɗalibai yakan faɗi a zangonsu na farko bayan sauya makaranta, sannan da yawansu su farfaɗo daga baya. Wannan ya nuna matsalar ta sabo da wuri ce fiye da ta ƙarancin basira. Magungunan da aka samar su ne rubutacciyar yarjejeniya tsakanin kwaleji da jami'a kan darussan da za a karɓa, da mashawarta na musamman, da bikin wayar da kai na masu sauya makaranta kaɗai. A 2010 Kalifoniya ta yi dokar da ta tabbatar wa mai wata shaida ta musamman daga kwalejin al'umma gurbi a rukunin jami'o'in jihar na CSU.

Kammalawa

Daga Samaru zuwa Njamena har Kalifoniya, abu guda ne ke maimaita kansa: ɗalibin kwaleji yakan yi nasara a jami'a gwargwadon yadda makarantun biyu suka san juna. Arewacin Nijeriya ya taɓa mallakar wannan sani a zamanin Makarantar Share Fage da Cibiyar Ilimi ta Zariya, kuma ragowarsa tana nan a IJMB da makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa da kwalejojin ilimi masu gudanar da digiri da sunan jami'o'i. Farfaɗo da shi bai buƙatar kuɗi mai yawa. Sassan jami'a za su iya zama da takwarorinsu na kwalejoji su daidaita manhajar aji ɗaya da ta NCE ko difiloma. Za a iya fitar da sunayen masu shiga kai tsaye tare da na sauran ɗalibai, a ware musu gurabe a ɗakunan kwana, a shirya musu ranar wayar da kai tasu, a kuma ɗora wa malami guda alhakin bibiyar sakamakonsu na zangon farko. Shi ma ɗalibin akwai nasa aikin: ya nemi manhajar aji ɗaya ta sashensa tun kafin a buɗe makaranta, ya gane abin da ya wuce shi, ya kusanci waɗanda suka riga shi zuwa, domin matambayi ba ya ɓata. Ga ɗan talakan da bai samu gurbi a karon farko ba, da malamar firamaren da ke son ƙaro ilimi, da almajirin da ya fara da allo, wannan hanya ita ce sau da yawa kaɗai ta rage musu zuwa digiri, kuma hakan ya isa dalilin kula da ita.